Allurar da ta tsayar da farfaɗiyar ƙanena, ita ce ƙwayar da yaran unguwa ke sha?

ƊanMarusa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka, kada a mayar da maganar wasa.

Ƙanena ne, shekararsa 11, yana fama da farfaɗiya tun yana ɗan bakwai. Ranar da ta fi yi masa tsanani ya fi minti goma yana jijjiga bai dawo ba, muka sa shi a Napep sai asibiti. Nas ta zuƙo wata allura ta tura masa a jijiya sannu a hankali. Kafin in dawo daga yankar kati jikinsa ya saki, barci ya kwashe shi. Na leƙa 'yar kwalbar da ta fasa, sai na ga an rubuta diazepam. Gabana ya faɗi, don na san sunan. Shi ne D5 ɗin da yaran bayan layinmu ke jefawa a lemo su sha su yi ta layi.

Daga nan aka ɗora shi kan finobabiton, kullum da dare. Yau wata tara ke nan bai faɗi ba, alhamdu lillahi. Sai dai barci ya yi masa yawa, har yaran Islamiyya sun laƙaba masa kasa. Hajiyarmu ta ce a daina ba shi tunda ya warke, kada mu mayar da yaro ɗan ƙwaya da hannunmu. Baba ya ce in bincika tukuna.

Me magungunan nan ke yi a cikin kai, har abu ɗaya ya zama ceto a asibiti, ya zama masifa a bakin titi? Sannan mu daina ko kada mu daina?

NasƊinDare
Wa alaikumus salam. Ta biyun zan fara amsawa don ita ce ta gaggawa: kada ku daina. Ko na daren yau kada a tsallake. Ka ba Hajiya haƙuri, ka ce wata 'yarta ce ke roƙon ta. Ina bakin aiki, zan dawo in na samu sarari.

Bakanike_Tasha
Ni ban san likitanci ba, amma don mota ta yi wata tara ba ta tsaya a hanya ba, ai ba za ka daina yi mata juyen baƙin mai ba.

Malam_Jijiya
Bakanike, ka kusa, amma ba baƙin mai ba ne, birki ne. ƊanMarusa, gyara zama.

Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ba a ɗaure suke da juna kamar wayar wuta ba. Tsakanin wannan da waccan akwai 'yar tazara. In ɗaya za ta yi wa maƙwabciyarta magana, sai ta feso wani sinadari ya tsallaka ya sauka a jikin ɗayar. Manzanni ke nan. Wani manzon saƙonsa “tashi”, babbansu shi ne gulutamet. Wani kuma saƙonsa “dakata”. Babban mai cewa a dakata a ƙwaƙwalwa shi ne GABA, a laka da gindin ƙwaƙwalwa kuma akwai abokin aikinsa gilaisin. A ɓawon ƙwaƙwalwa, kusan ƙwaya ɗaya cikin biyar ba ta da sana'ar da ta wuce tsawata wa sauran.

Manzon ba ya shiga cikin ƙwayar, a waje yake tsayawa. Akwai makarɓa da aka tanada dominsa, kamar kwaɗo da makullinsa. Wadda ta shafe mu ana ce mata GABA-A, kuma ita kanta ƙofa ce: furotin biyar ne suka yi da'ira, rami a tsakiyarsu. Da GABA ya sauka sai ramin ya buɗe, kuloraid ya samu hanyar shiga. Kuloraid ɗin nan rabin gishirin miya ne, cajinsa negetif. Ƙwayar jijiya in tana hutawa wutar cikinta na wajen milibolt 70 ƙasa da sifili, kuma sai ta hau zuwa wajen 55 ƙasa da sifili kafin ta harba saƙo. Kuloraid ya riƙe mata zani ke nan, ya hana ta hawa.

Farfaɗiya kuwa ita ce lokacin da dubban ƙwayoyi suka kaure da ihu baki ɗaya, masu tsawatarwa suka kasa. Natsuwar da kake gani a jikin mai lafiya ba zaman banza ba ne, aiki ake yi dare da rana kafin a same ta.

Bakanike_Tasha
To yanzu na gane. Gulutamet totur, GABA birki. Amma allurar fa, ƙarin GABA ce aka ɗura wa yaron?

Malam_Jijiya
A'a. Diyazefam ba GABA ba ne, kuma ba ya buɗe ƙofar da kansa. Yana da nasa wurin zama daban a gefen ƙofar. In ya zauna a nan, duk sanda GABA ya zo sai ƙofar ta riƙa buɗewa akai-akai fiye da da. Finobabiton kuma sa ta yake ta daɗe a buɗe, in ya yi yawa ma ya wangale ta ko GABA bai zo ba, shi ya sa wuce ƙa'ida da shi ya fi haɗari. Roshi ɗan gidan su diyazefam ne. Barasa na taɓa wannan ƙofa, haka ma farar allurar nan ta sa barci a ɗakin tiyata.

Saboda haka ƊanMarusa, amsar tambayarka ta farko, ƙofa ɗaya ce. Ƙanenka ihu ya yi yawa a kansa, aka taimaki masu tsawatarwa. Yaron bayan layi kuma kansa lafiya lau, ya je ya danne shi. Abin da ke fara yin shiru shi ne ɓangaren da ke ce masa “kai, ji kunya”, sai harshe ya yi nauyi, sai ƙafa ta harɗe, gobe kuma ba ya tuna abin da ya aikata.

Bakanike_Tasha
Ikon Allah. A mota giya daban birki daban, a kan ɗan Adam kuwa giya ce ke taka birki 😂

ƊanKaura_04
Ashe da gaske akwai ƙofar ƙwaya, a cikin kai take.

Auta_KK
Mu 'yan Kofar Kwaya a fita harkarmu don Allah, ana maganar lafiyar yaro.

Baba_NaGobarau
Yaran zamani komi kuka gani sai ku ce sinadari. Mi za ku ce da wanda ke faɗuwa in ya ratsa ta juji da magariba? Mun ga waɗanda aka yi ma ruƙya suka tashi garau. Ku bi a hankali hwa, ba duka abu na'ura ke gani ba.

NasƊinDare
Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya hana addu'a. Ni kaina ina tofa wa marasa lafiyata. Abin da muke roƙo kada a ajiye magani saboda ita. Kuma a tuna hadisin baiwar Allahn nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah (SAW) tana neman addu'a. Ba a kore ta ba, ba a ce a guji yawunta ba. Mu kuwa yaro na faɗuwa sai a watse, wai ana ɗauka. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta taɓawa.

ƊanMarusa, ga dalilin da na ce kada ku daina. Wata tara ana taya ƙwaƙwalwar yaron nan taka birki, ta saba, har ta sassauta nata ƙoƙarin. Kamar mutum biyu ne ke tokare da ƙyaure, ɗaya ya janye ba sallama. In kuka yanke maganin dare ɗaya, ba inda yake da zai koma ba, ƙasa da nan zai faɗa. A nan ake samun jijjigar da ba ta tsayawa, wadda kan kai ga rasa rai. Mun sha karɓar irinsu, kuma da ka tambaya sai a ce ai ya warke ne muka bari, ko maganin ya ƙare ba a samu sayowa ba. Likitoci kan fara tunanin janyewa ne in an yi kamar shekara biyu ba faɗuwa, shi ma a hankali ake ragewa cikin watanni.

Amma Hajiya ba ta yi ƙarya ba kan barcin. Finobabiton na sa wasu yara kasala, wasu ya sa su ƙiriniya, yana iya taɓa karatu. Wannan ƙorafi ne na kai wa likita, akwai wasu magungunan da ake canzawa zuwa gare su.

NaTuba
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Na yi shekara uku ina shan roshi da D5, wani lokaci in kora da kodin. Da farko guda ɗaya na kai ni gobe. Kafin shekara sai na watsa huɗu nake jin daidai, ba ma don daɗi ba, don hannuna ya daina rawa in iya riƙe kofin shayi.

Ranar da na yi niyyar tuba na tattara su na zuba a masai, na ce daga yau an gama. Daren farko ban runtsa ba. Na biyu ƙarar cokali a kwano kamar ana buga mini guduma a ka, hasken waya kamar an watsa mini barkono. Rana ta uku na shiga wanka, ban san abin da ya faru ba, sai farkawa na yi a gadon asibiti da ɗinki a goshi, na tauna harshena. Ni da ban taɓa farfaɗiya ba, babu mai ita a danginmu. Likitan ya ce niyyata ta yi kyau, hanyar ce ba ta yi ba. Ya mayar da ni kan diyazefam ɗin da na gudu daga gare shi, yana rage mini kaɗan-kaɗan, wata huɗu kafin na rabu da shi.

Abokina da muke sha tare bai samu wannan damar ba. Ya haɗa da kodin ya kwanta, muna jin minsharinsa muna dariya. Ashe numfashin ne ke tafiya. Allah ya jiƙansa.

UmmanHanifa
Allahu akbar. Allah ya gafarta masa, kai kuma ya ƙara tsare ka.

MaiKemis_Daura
Amin. NaTuba, ka yi jarumta da ka faɗa. Mu da ke bayan kanta mun san yaran nan tun daga sallamarsu. Wani zai zo da tsohuwar takardar likita ta kakarsa, duk ta yi laushi don ninkewa. In ka hana shi ya zage ka, ya taka zuwa wurin wanda zai ba shi.

Gyara ɗaya nake so in yi, don mutane na tara su duka a kwando ɗaya su ce ƙwaya. Ba gida ɗaya suke ba. Kodin, da gwamnati ta hana shigo da maganin tarinsa da sarrafa shi a 2018, shi da tramol ta wata ƙofar suke bi, ba ta GABA ba. Exol ma daban yake. Sannan akwai firegabalin da gabafentin, da ka ji sunan sai ka rantse GABA ne, alhali ba sa zama a makarɓarsa sam, hanyar shigar kalsiyam suke taɓawa. Haɗarin haɗa kodin da su D5 shi ne ta hanya biyu aka danne cibiyar numfashi lokaci ɗaya.

Ɗaliba_Famasi
Yallaɓai MaiKemis, da izininka in ƙara kaɗan, an koya mana wannan zangon da ya wuce. Kodin ba ya zama a ƙofar GABA, gaskiya ne, amma yana da hulɗa da shi ta bayan gida. A cibiyar jin daɗi ta ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin GABA ne ke riƙe da linzamin masu fitar da dofamin, manzon da ke sa a ji daɗi. Dangin kodin sai su je su rufe bakin masu riƙon linzamin, dofamin ya ɓalle. An taka wa birki birki ke nan.

Kuma ba GABA-A kaɗai ba ce. Akwai GABA-B, wadda Norman Bowery da abokan aikinsa suka gano a Ingila wajen 1980. Ita ba ƙofa ba ce, aike take yi zuwa cikin ƙwayar a buɗe wa fotasiyam hanya ya fita, don haka aikinta ya fi jinkiri kuma ya fi daɗewa. A kanta bakulofen ke aiki, wanda ake ba masu sandarewar gaɓoɓi bayan raunin laka.

MaiKemis_Daura
Madalla ƙanwata, na karɓi gyara. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

UmmanHanifa
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Malam_Jijiya, shin dannau na da alaƙa da wannan birkin? Tun ina budurwa yake kama ni, musamman in na koma barci bayan asuba. Ina jin motsin yara a tsakar gida, ina ganin labule, amma ko ɗan yatsa ba na iya ɗagawa, ga nauyi a ƙirji kamar an aza mini turmi.

Malam_Jijiya
Hajiya, ai kin kawo misalin da ya fi nawa. A matakin barcin da aka fi yin mafarki, gindin ƙwaƙwalwa na sa a zuba GABA da gilaisin kan jijiyoyin da ke motsa tsoka, a kashe jiki da gangan. Ba don haka ba, mai mafarkin kare ya biyo shi sai ya tashi da gudu ya yi karo da bango. Ido da babbar tsokar numfashi ne aka bari suna aiki. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, ki farka birkin na nan a take. Nauyin ƙirjin kuma, kina son jan dogon numfashi ne tsokokin haƙarƙari ba su amsa ba tukuna. Ƙarancin barci da kwanciyar rigingine na ƙara kawo shi. Yana sakin mutum da kansa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna.

Baba_NaGobarau
To ni da idona na ga abin tsaye bakin ƙofa, baƙi ƙirin. Shi ma gilaisin ne?

Malam_Jijiya
Ranka ya daɗe, ni dai abin da ya hana ka tashi ka bi shi da sanda na yi bayani. Mu a wurinmu mafarki ne bai gama wucewa ba ido ya buɗe. Addu'ar kwanciya kuwa ba ni da ja a kanta.

Baba_NaGobarau
Uhm. Mun ji.

NasƊinDare
Na dawo, an samu sauƙin layi. Tunda an ambaci gilaisin, bari in gaya muku inda na ga rashinsa da idona, don ni ban san darajar birkin nan ba sai a kan mai tetanus, wadda wasu ke kira tsinkau-tsinkau.

Wani magidanci ne, ƙusa ta soke shi a gona, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Bayan kwana goma baki ya ƙi buɗuwa. Muka sa shi a ɗaki shi kaɗai, muka rufe tagogi da bargo, muna tafiya da sanɗa. Wata 'yar rakiya ta saki murfin kwano a baranda, kafin ƙarar ta mutu mutumin nan ya banƙare, ƙeya da dunduniya kaɗai ke taɓa katifa, haƙora a datse kamar mai murmushin dole. Abin da ya fi tsaya mini, hankalinsa garau yake. Yana kallona, hawaye na bin gefen idonsa.

Dafin ƙwayar cutar bin jijiya yake ya hau zuwa laka, ya hana a saki gilaisin da GABA. Ka san in za ka lanƙwasa hannu, dole a ce wa tsokar baya ta saki yayin da ta gaba ke ja. In babu mai faɗin haka sai duka su ja tare. Da me muke kwantar da su? Diyazefam ɗin nan dai, mai yawan da in kai ka sha sai ka kwana biyu ba ka san inda kake ba. Ya rayu, bayan sati biyar. Jarirai da ake yanke wa cibiya da tsohuwar reza ko a shafa mata toka, su ba su cika tsira ba. Mata masu ciki, don Allah a je awo a karɓi allurar rigakafin.

Manomi_Jibiya
Subhanallah. Wannan banƙarewar ta tuna mini da akuyata da ta sha ruwan da aka wanke bokitin feshi. Haka ta yi ta shure-shure har ta mutu. Gamalin ne a lokacin. Shi ma hanyar ke nan? Sniper fa?

LikitanDabbobi_Mashi
Gamalin, e. Sinadarinsa lindan toshe ramin ƙofar GABA yake yi, kuloraid ya kasa wucewa, sai jijjiga. Da haka yake kashe ƙwaro, da haka yake kashe kifi da akuya da mutum, kuma tun 2009 aka sa shi cikin jerin da yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da su a noma. Sitiriknin da ake kashe karnuka da shi a da, shi kuma makarɓar gilaisin yake toshewa, shi ya sa mutuwarsa ke kama da tetanus. Sniper daban ne, shi manzon “tashi” na tsoka yake hana a share bayan ya gama aiki, sai dalala da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido.

Mu ma muna cin moriyar abin ta ɗaya gefen. Ibamektin da muke yi wa shanu da tumaki, wanda ake raba wa mutane da sunan Mectizan saboda makantar kogi, wangale wa tsutsa ƙofar kuloraid yake yi, ta shanye ta mutu. William Campbell da Satoshi Omura sun samu kyautar Nobel a 2015 a kansa. Mu abin da ya cece mu, ba mu da irin waccan ƙofar tasu, ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yana korar maganin. Amma a daina ɗura wa dabba ninki uku don a ga ta yi saurin ƙiba.

Hajjo_Online
To ni ina da GABA na kwalba, ɗan waje, na asali. Yana sa barci da kwanciyar hankali, babu sinadari a ciki. Mai so ya yi mini magana ta gefe. ƊanMarusa, ku gwada wa yaron maimakon na asibiti.

Auta_KK
“Babu sinadari a ciki” alhali sunan sinadarin ne a jikin kwalbar 😂

Ɗaliba_Famasi
Anti Hajjo, Allah ya ba da kasuwa, amma ban da wannan yaron. Shingen da Likita ya ambata yanzu bai cika barin GABA da aka haɗiya ya kai ƙwaƙwalwa ba. Ita ke ƙera nata a cikin gida, kuma abin mamaki daga gulutamet take ƙera shi, wato totur ake saƙewa ya koma birki, da taimakon bitamin B6. Shi ya sa ake haɗa wa masu shan isoniyazid na tarin fuka da B6, don maganin na cinye shi. A Amurka ma farkon shekarun 1950 an samu jarirai na jijjiga saboda madarar gwangwanin da B6 ɗinta ya lalace wurin sarrafawa. Amma wannan ba ya nufin B6 zai maye gurbin maganin farfaɗiya, kafin wani ya ruga kemis.

Malam_Jijiya
Daidai ne. Abin da ke ba ni sha'awa ma, magungunan sun riga iliminsu zuwa. A 1912 wani matashin likita a Jamus, Alfred Hauptmann, ya riƙa ba masu farfaɗiya finobabiton don su yi barci da dare shi ma ya samu ya runtsa, sai ya lura faɗuwar tasu ta ragu har da rana. Sai a 1950 Eugene Roberts ya ba da rahoton samun GABA a ƙwaƙwalwa, aka kuma ɗauki shekaru ana gardama kafin a yarda manzo ne. Valium, wato diyazefam, ya shiga kasuwa a 1963, ba a gano wurin zamansa a ƙwaƙwalwa ba sai 1977. Maganin da ƙanenka ke sha ya haura shekara ɗari ana ba mutane, ƊanMarusa. Tsoho ne mai arha, yana da halinsa, amma an san shi ciki da bai.

ƊanKaura_04
To in barci ne matsalar, a ba shi goro ko shayi mai kauri da safe mana. Ba sai a tashi canjaras ba?

Malam_Jijiya
Goro wani birkin yake cirewa, ba wannan ba. Akwai adenosin da ke taruwa a kai tun safe yana ce maka ka gaji, sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi zama yake a makarɓarsa ya hana shi sauka. Ga babba mai lafiya ba laifi. Ga yaro mai farfaɗiya kuwa, in ya hana shi barcin dare an jawo abin da ake gudu, don rashin barci na cikin manyan masu tayar da ita.

Gwaggon_Yara
Ni ina bayan Hajiya, a faɗi gaskiya. Ku duk kuna maganar ƙofa da birki, ita ɗanta take kallo yana gyangyaɗi a kan allo ana yi masa dariya. Ɗan yayata ma haka aka yi ta ba shi, ya zama shiru-shiru kamar ba shi ba. Uwa ba za ta ga haka ta yi shiru ba.

NasƊinDare
Gwaggo, ba mu ce ta yi shiru ba, cewa muka yi ta yi maganar a gaban likita. A je da ita ma, ta faɗa da bakinta. Kuma tunda gidan akwai mai ita, kowa ya sani: in ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai. Ban da cusa cokali a baki, ban da ɗura manja ko ruwa, ban da hayaƙi, ban da kai ƙafa kusa da wuta. A duba agogo, in ta kai minti biyar a nufi asibiti.

ƊanMarusa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa Hajiya saƙonnin nan daren jiya, na NaTuba sai da ta sa na maimaita mata. Ba mu daina ba. Yau muka je da ita. Likita ya auna nauyinsa, ya yi tambayoyi kan karatunsa, ya ce a riƙa ba shi da wuri bayan isha'i maimakon sai za a kwanta, mu dawo bayan sati shida da takardar malaminsa. In barcin bai ragu ba zai fara sauya masa wani a hankali. Hajiya ta ce ta ji, amma a hanyar dawowa ta ce ita dai har yanzu ba ta ga ranar da za a ce ya warke ba, kuma ban samu abin ce mata ba.

Gwaggon_Yara
Ka gani ko. Tambayar tata na nan.

NaTuba
Ka riƙa ƙirga ƙwayoyin, kada su ƙare muku ranar Juma'a da dare. Kuma a ɓoye kwalbar, ba don shi ba, don masu shigowa gidan.

UmmanHanifa
Malam_Jijiya, jiya na kwanta ta gefen dama, na guji rigingine kamar yadda ka nuna, bai zo ba. Amma maigidan ne yanzu ke ta harbin iska cikin barci yana kiran sunan wanda yake bi bashi. Shi kuma nasa birkin ne ya lalace, ko kuwa bashin ne?